Bargon Soja da Rigar Inna

Ranar kasuwar Madarumfa ce, cikin watan Janairu na shekarar da na shiga aji biyar, kuma sanyin da aka tashi da shi a safiyar nan irin wanda yake sa jaki ya ƙi ɗaga ƙafa ne. Ina zaune a gaban amalanken Baba, na cusa hannuwana cikin hammata, jakar lakwal, wato makarantar boko, a kan cinyata, a bayanmu kwandunan salati da tumatir da karoti an lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu. Tururi yana tashi daga kan tafki kamar an ɗora shi a murhu, masunta suna turo kwale-kwale bakin gaɓa. Baba yana gefena, ya naɗe kansa da kafaɗunsa cikin bargonsa na soja, ba abin da ake gani sai idanu da gemu da hannun da ya riƙe igiyar jaki. Yana tari jefi-jefi. Ƙauyenmu yana can ƙetaren tafki, tafiya ce mai tsawo ga ƙafar yarinya, don haka nake son ranar kasuwa, domin ita kaɗai ce ranar da nake isa lakwal a zaune, ina ɗaga wa 'yan ajinmu hannu suna tafe a ƙasa. Ina cikin wannan jin daɗi muka hango igiyar shingen da ke bakin gari.

Bargon nan Kawu Sanusi ne ya kawo shi gidanmu, ƙanen Inna, wanda yake fataucin bosho, wato tsofaffin tufafin da ake kawowa dila-dila daga ƙasashen waje. Ya ce na sojojin wata ƙasa ne mai nisa, irin wanda suke naɗewa su ɗaura a bayan jaka in za su kwana a daji, idan aka ba su sababbi sai a tattara tsofaffin a sayar wa 'yan kasuwa. Ranar da ya kwance shi a tsakar gida Inna ta ɗaga shi da yatsu biyu ta ce wannan ai mayafi ne, domin ba shi da nauyi ko kaɗan, in an ninke shi bai fi sallaya girma ba. Launinsa kore ne mai duhu, kamar gansakukar bakin ruwa, a gefe ɗaya kuma akwai tambari da wasu haruffa da lambobi da suka soma gogewa. Na sha zama in yi ta ƙoƙarin karanta su, amma ba Faransanci ba ne, ban kuwa san ko wane harshe ne ba. Da Baba ya kwana da shi a lambu, washegari ya ce bai taɓa rufa da abin da ya kai shi riƙe ɗumi ba, kuma raɓa ba ta ratsa shi. Daga ranar bargon ya zama nasa.

Baba mai lambu ne, kuma shi ne ladanin masallacin ƙauyenmu. Da zarar an gama girbin gero, ruwan tafki ya soma ja da baya, sai ya koma bakin ruwa ya kafa bukkar kara, ya yi ta kwana a can har sanyi ya wuce, saboda shanun da ke shigowa su tattake shuka. Da asuba ya hawo gari ya kira salla, ya koma ya hau ban ruwa da bokitai biyu, yana shiga tafki har gwiwa yana fitowa. Bargon nasa ne daga magariba zuwa hantsi. In rana ta yi ɗumi ya ajiye shi, sai ya zama namu. Ni da ƙannena mukan ɗaura shi tsakanin icen zogala da darni mu ce mun yi ɗakin soja, mu shige ciki mu dafa tuwon ƙasa a gwangwanin tumatir, haske yana ratso shi duk mu koma kore-kore. Inna ta sha shanya kuɓewa a kansa, an sha naɗe ɗan akuyar da aka haifa cikin sanyi da shi. Wankinsa aikina ne ranar da babu lakwal, kuma shi ne wankin da ba na ƙi, domin kafin mu gaji da carafke a kan tudu ya bushe. Ko an wanke shi, ƙanshin hayaƙi da albasa ba ya barinsa. A lakwal ban taɓa cewa Baba ya yi aikin soja ba, amma idan wata ta gan shi cikin bargon ta zaci haka, ba na gyara mata.

Ana saura 'yan kwanaki wannan kasuwa, tsohon kotin Baba ya ƙone. Ya rataya shi kusa da wuta a bukka don ya bushe, iska ta kaɗa shi, kafin ya ankara bayan kotin da hannu ɗaya sun tafi. Shi ne kuwa abin da yake sawa a ƙarƙashin bargo, ga tarin da ya kama shi tun ƙarshen damina bai sake shi ba. A safiyar nan ya shigo gida rigarsa a jiƙe sharkaf, domin ya zame a bakin ruwa yana wanke karoti. Ɗayar rigar tana kan igiya ba ta bushe ba, babbar rigarsa ta Juma'a kuwa ba a ɗaukar kwando da ita. Ina shara a ƙofar ɗakin Inna na ji suna ja-in-ja. Tana da wata rigar sanyi ta ulu, ita ma daga dilar Kawu, ruwan hoda, an yi mata ado da jajayen furanni a ƙirji da maɓallai masu ƙyalli. Ita ta ɗauko ta ce ya sa. Ya ce Allah ya kiyaye, ta ce tarin nan ya isa haka, ba za ta bar shi ya fita daga shi sai fatar jiki ba.

"Wa zai gan ka, Malam, kana cikin bargo?" in ji ta.

Da ya fito, rigar ta ɗame shi, hannunta ya tsaya a gwiwar hannu, cibiyarsa a waje. Ni da Inna muka yi ta dariya har shi ma ya murmusa, ya ce duk wadda ta gaya wa wani za ta gamu da shi. Ya ja bargo ya rufe, muka ɗaura jaki. Kafin mu zagayo tafki na ma manta da zancen.

Shingen ba wani abu ba ne, igiya ce aka ɗaura tsakanin duro biyu, da rumfa a gefe, ana duba masu shigowa saboda man fetur da ƙwayoyin da ake tsallakowa da su daga iyaka. Wanda muka saba tararwa wani dattijo ne mai tumbi da ya san Baba, su gaisa, ya tambayi lambu, ya sauke igiya. Ran nan ba ya nan. Wani saurayi mai kaki muka tarar, siriri, sabon zuwa, ya tara mutane yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Akwai matan da suka ɗauko nono, da masu babura, da wasu amalanke a gabanmu, ga 'yan lakwal sun tsaya kallo, cikinsu har da Balki, wadda muke zama benci ɗaya. Da ya iso kanmu ya ɗaga buhun da ke kan kwanduna, ya soka hannu cikin salati, bai ga komai ba. Har ya juya, sai idonsa ya faɗa kan tambarin da ke gefen bargon. Ya kama wurin ya duba, ya ce wannan kayan gwamnati ne, ina Baba ya samo shi. Baba ya yi masa bayanin Kawu da dilar bosho, a hankali, yana ce masa shef, yadda ake kiran masu kaki don girmamawa. Saurayin ya ce kowa haka yake cewa, ya sauko ya tuɓe.

A nan na tuna abin da ke ƙarƙashin bargon. Baba ya sauko, ya damƙe bakin bargon a ƙirjinsa.

"Shef, don Allah ka bar ni in kai kaya kasuwa, in kawo maka shi da kaina. Ko kuwa ka bari in zagaya bayan rumfa."

Wannan roƙo shi ya ɓata komai. Saurayin ya ɗauka akwai abin da aka ɓoye a jiki, ya ɗaga murya ya ce a nan za a tuɓe, gaban kowa. Wata tsohuwa mai nono ta ce masa ya ji tsoron Allah, mutumin nan ya haife shi, bai ko dube ta ba. Baba ya waiwayo ya dube ni, sannan ya saki bargon.

 Ga Baba tsaye a tsakiyar hanya, da gemunsa da hularsa da tabon salla a goshi, cikin rigar Inna mai furanni, rana ta ɗago maɓallan suna ta ƙyalli. Wani mai babur ne ya fara fashewa, sai dariya ta kama ko'ina kamar wutar kara. Har tsohuwar da ta sa baki ta rufe fuska da gefen zane, kafaɗunta suna rawa. Saurayin da kansa ya ja da baya, ya rasa abin yi, ya shafa aljihun wandon Baba don dai a ce ya yi bincike. Amma ya riga ya ce bargon na gwamnati ne, ba zai janye maganarsa a gaban jama'a ba. Baba ya ɗauki bargon daga ƙasa, ya kakkaɓe shi, ya ninke shi yadda yake ninke shi kullum, ya miƙa masa da hannu biyu. Sannan ya hau amalanke ya kaɗa jaki.

Na zaci gida za mu juya. Amma salati ba ya jiran rana, kuma abin da za mu ci a makon yana cikin kwandunan nan. Haka muka ratsa gari, muka wuce masu shayi da mahauta da masu gyaran babur, ko'ina sai an tsaya da abin da ake yi an bi mu da ido. Kunnuwana suka ɗauki zafi duk da sanyin, na ja ɗankwali na rufe fuska, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta ƙasan ɗankwalin ina ganin hannuwan Baba a kan igiya, gashin jikinsu ya mimmiƙe don sanyi.  Ya saba sauke ni a ƙofar lakwal, amma ran nan ya tsayar da jaki a bayan katanga, inda babu kowa, ban kuwa roƙe shi ba.

Hakan bai hana komai ba, domin labarin ya riga ni shiga aji. A takardar lakwal sunana Zuwaira, amma kowa Uwani yake ce mini, saboda sunan mahaifiyar Baba aka sa mini. Kafin a fita shan iska an riga an haɗa sunan da waƙa. 'Yan matan suka yi da'irar gaɗa a ƙarƙashin icen bedi, wato darbejiya, inda kullum nake cikin masu ba da waƙa, suka soma tafi suna cewa, "Uwani, Uwani, 'yar Mai Furanni." Balki ce take bayarwa. Wata ta tambaye ni ko wace ƙasa ce sojojinta suke sa rigar matansu. Na koma jikin bangon aji na zauna, ban yi kuka ba, don na san in na yi za a ƙara baiti. Malaminmu, Mushe Haruna, kamar yadda ake kiran malaman lakwal da Faransanci, ya ji waƙar ya fito da bulala ya ce duk wadda ta sake za ta yi tsallen kwaɗo. Da hanin nasa waƙar ta bar filin lakwal ta koma hanya, inda babu malami. Daga ranar ban ƙara shiga gaɗa ba har shekara ta ƙare.

A gida abin ya fi haka nauyi. Inna ta ji tun kafin mu dawo, na iske ta zaune a bakin murhu wuta ta mutu ba ta sani ba. Da Baba ya shigo ta ce ita ta ja masa, ya ce ita ta ce ya sa, shi kuma ya sa, a bar zancen. Bayan la'asar yayyensa biyu suka zo suka zauna a zaure. Ni na kai musu ruwa, na ji suna cewa ya zubar musu da mutunci, ya kamata ya ɗauke ƙafa daga kasuwa har a manta, a riƙa aika wani da kayan. A bakin rijiya kuwa na ji kalmar da ban taɓa zaton za a haɗa ta da Baba ba. Wata mata da take aiko yaranta tsinkar zogala kyauta a lambunmu ce ta ce, cikin raɗar da ake so a ji, ai irin wannan ɗan daudu ake ce masa, wa ya san abin da ake yi a bukkar lambu. Na bar guga a nan na dawo gida da tulu rabi. Washegari da asuba muka ji wata murya daban tana kiran salla. Ba wanda ya ce wa Baba ya bari. Wani maƙwabcinmu ne ya riga shi tashi, jibi ma ya riga shi, ba wanda ya hana shi. Ƙanena ya ce mini Baba a sahun baya yake salla yanzu. A lambu kuwa buhunan taki yake rufa da su, tarinsa ya ƙaru har muna jiyo shi tun kafin ya shigo zaure.

Da kasuwa ta zagayo, Inna ta aro masa wata rigar maza mai kauri a gidan ƙawarta, ta ajiye masa a kan tabarma. Ina ɗaura kwanduna sai na ga ya fito da busasshiyar rigarsa, ya ɗora rigar Inna mai furanni a kanta, ya ɓalla maɓallan har wuya. Inna ta tare ƙofa ta tambaye shi ko kashe ta yake so ya yi.

"Sun riga sun gani," ya ce. "In na ɓoye ta yau, sai su ce lalle akwai abin ɓoyo. Riga ce, sanyi nake ji, na sa."

Ya wuce ta ya hau amalanke, ya dube ni ya ce, "Hau, Uwani." Na ce cikina yana ciwo. Bai ce ƙarya nake ba, bai kuma kaɗa jaki ba. Ya zauna da igiya a hannu yana kallon gaba, har Inna ta gaji da tsayuwa ta koma ɗaki, har kajinmu suka sauko suna tsintar abin da ya zuba daga kwanduna. Na ɗauki jakata na hau.

Wannan tafiya ta fi ta farko tsawo a wurina, domin ta farko tsautsayi ne, wannan kuwa da gangan ne. Tun daga ƙofar gida na rufe fuska. Ina jin Baba yana gai da kowa da sunansa, da masu amsawa da masu yin shiru, yana tambayar lafiyar gida kamar ba abin da ya faru. A shinge saurayin nan ya sauke igiya tun kafin mu iso, ya juya yana duban wani wuri. An yi dariya a cikin gari, amma ba ta kai ta farko ba, wasu ma sai suka ji nauyi suka sunkuyar da kai. Kasuwa ta uku masu kallon suka ragu, ta huɗu wani mahauci ya kira shi Mai Furanni a gaban idonsa, Baba ya amsa, ya tambaye shi salati nawa yake so. Ni kuwa ban ji sauƙi ba ko kaɗan. Na yanke a raina cewa Baba ba shi da kunya, ni kaɗai nake ji mana ita. Na daina zuwa lambu sai in an aike ni, in ya yi mini magana in amsa da abin da ya wajaba kawai.

Duk wannan Kawu Sanusi yana kan hanyar fatauci bai sani ba. Da ya dawo ya ji, ya yi faɗa kamar zai ci babu, ya ɗauko ƙunshin irin bargunan nan daga shagonsa, ya ɗaura a bayan babur ya nufi shingen. Ya yi sa'a dattijon nan yana nan. Kawu ya baje su a ƙasa, kowanne da tambarinsa, ya ce in wannan kayan gwamnati ne to a kama shi, a kuma je a kama rabin kasuwar Maradi. Dattijon ya shiga rumfa ya ɗauko bargon Baba daga kan benci, ashe shi suke shimfiɗawa suna zama. Bargon ya dawo mana da warin taba da wata 'yar huda inda wuta ta faɗa. Ba wanda ya ba da haƙuri. Kawu ya so Baba ya kai ƙara, Baba ya ƙi. Ranar kasuwa ma sai ya tsayar da jaki a shingen, ya sauka ya yi musu godiya, har da saurayin, wanda ya amsa yana kallon takalminsa. Ina zaune a kan amalanke ina ji, kuma wannan godiya ta ƙona ni fiye da dariyar mutane. Sauran bargunan kuwa Kawu bai koma da ko ɗaya ba, masunta suka saye su a ranar.

Kiran salla ya dawo wa Baba ba tare da ya nema ba. Maƙwabcin namu ya riƙe shi har wata safiya da sanyi ya yi tsanani, barci ya ɗauke shi, mutane suka farka suka ga gari ya waye fes. Da yamma liman ya aiko a kira Baba. Zancen bakin rijiya ya mutu da kansa, matar nan ta ci gaba da aiko yaranta tsinkar zogala, Inna tana ba su kamar da. Wata rana Balki ta turo mini ƙullin aya ta ƙarƙashin benci, na karɓa, muka ci gaba da ƙawance ba mu taɓa tayar da maganar ba. Sunan ne kawai bai tafi ba. Matan gari suka riƙa aiko yara a sayo musu salatin Mai Furanni, masu mato da ke kai kaya Maradi da shi suka san shi. Ni ma 'yar Mai Furanni na zama ga kowa, kuma duk lokacin da aka faɗa sai na ji zafin nan ya hau kunnuwana. Ranar da na tafi kwalej a Maradi, inda ba wanda ya san sunan, na ji kamar an sauke mini dutse daga ka.

Na yi karatu, na zama ungozoma, na yi aure, na haifi nawa, ban taɓa ba mijina wannan labari ba. Bayan rasuwar Inna na riƙa zuwa ƙauye akai-akai, domin Baba ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ya bar wa ƙannena lambu. Wata safiya muna zaune a ƙofar gida yana shan hantsi, sai wani yaro ya tsaya da babur yana tambayar gidan Mai Furanni. Baba ya ɗaga hannu ya ce ga shi. Da yaron ya tafi na yi ƙarfin hali na tambaye shi abin da ya daɗe a raina, yadda aka yi ya iya sake sa rigar nan ya ratsa gari, ko shi bai ji kunya ba ne. 

"Ke kina tsammanin ban ji ba? Ran nan ta biyu tun daga ƙofar gida nake jin ta. Na sha niyyar juya jaki. In na dubi gefena na gan ki zaune, sai in ce to, bari mu ƙara gaba kaɗan. Da ba ki hau ba, Uwani, ko bakin tafki ba zan kai ba."

Na ce masa ai fuskata a rufe take tun daga gida har lakwal.

"Na gani," ya ce. "Amma kin hau."

Bai daɗe ba bayan wannan hira Allah ya yi masa rasuwa. Yanzu in na je ƙauye da sanyi, inji ne yake jawo ruwa a lambunan bakin tafki, ba mai shiga tafki har gwiwa da bokiti. Samarin da ke aiki a wurin kowa da rigar boshonsa, ja da shuɗiya da ruwan hoda, wasu da ganin ɗinkinsu na mata ne, ba mai ko waiwayarsu. Bargunan soja kuwa suna nan tuli a kasuwa, direbobi da makiyaya da ɗaliban da za su fita yawon daji suna saye, ba wanda yake duba tambarin gefensu. Da na ba 'ya'yana labarin a ƙarshe, babbar ta yi dariya ta ce to mene ne a ciki, ban kuwa san yadda zan sa ta gane ba. Abin da nake kewa shi ne watannin nan da na yi ina gai da Baba a taƙaice, yana amsawa da fara'a, yana jira in huce. Ashe kunyar nan mu biyu muka ɗauke ta, na yi shekaru ina zaton ni kaɗai ce.